Idan Kabad Ya Sa Baki a Zancen Fim

Ƙannena maza da mata, da yawanku kun fara kama ɗaki ko gida na kanku, kuma cikin abubuwan da kuke fara yi wa tanadi har da faffaɗan talabijin da kayan sauti na siniman gida: amfilifaya, lasifikoki biyar, da wufa mai ƙugi. Ƙorafin da na fi ji daga bakinku bayan an gama jona wayoyi kusan iri ɗaya ne. Harbin bindiga na fita tar, kiɗa na cika falo, amma da zarar 'yan wasa sun buɗe baki sai murya ta yi kauri, ta dakushe, kalmomi su cuɗe da juna. A ƙaro murya, wata mota ta fashe a fim ɗin ta tashi jariri daga barci; a rage, magana ta sake nutsewa. Rimot ba ya barin hannu har a tashi. Abokai za su ce lasifikar tsakiya ce ba ta da kyau, a sayo babba. Ni kuwa shawarata ku bar kuɗinku a aljihu tukuna, ku sunkuya ku dubi abin da kuka ɗora ta a kai, ko abin da kuka cusa ta a ciki. Sau da yawa lasifikar lafiyarta ƙalau. Kabad ɗin talabijin ne ke magana tare da ita, ba kuwa da izinin kowa ba.

Kafin mu kai ga kabad, ku san nauyin da ke wuyan wannan lasifika, don ku daina yi mata kallon wadda za a tura duk inda gurbi ya rage. Ba jiya aka ƙirƙiro ta ba. Ranar 27 ga Afrilu 1933 injiniyoyin Bell Labs na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Harvey Fletcher, suka ɗauki kiɗan babbar ƙungiyar makaɗan birnin Filadelfiya, suka tura shi ta layin tarho zuwa wani zaure a Washington, inda lasifikoki uku, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama, suka sake shi ga mahalarta. Masu sinima ma suka bi wannan hanya. Fim ɗin Fantasia na kamfanin Disney ya gwada a 1940, sannan da faffaɗan allo ya zo da fim ɗin The Robe a 1953, lasifikar tsakiya a bayan allon ta zauna daram. Dalilin yana cikin halittar kunne. Kunne na bin sautin da ya fara iso masa, abin da wani Bajamushe, Helmut Haas, ya yi suna da bincikensa a wajen 1950. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa wanda ke zaune a gefen hagu ya ji magana duka na fitowa daga lasifikar hagu, alhali bakin mai maganar na tsakiyar allo. Ta tsakiya ce ke ɗaure murya a inda ido ke ganin baki, ko a ina mutum ya zauna.

Dolby Pro Logic ya shigo da ita falon gidaje a 1987, Dolby Digital mai layin sauti biyar da na wufa ya fito a sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns. Masu haɗa sautin fim kuwa sun saba zuba kusan dukkan maganar 'yan wasa a wannan layi guda. Ko finafinanmu na Hausa da fassarar na Indiya, waɗanda da yawansu layi biyu kawai suke zuwa da shi, idan amfilifaya na kan tsarin rarraba sauti, duk abin da ya zo daidai wa daida a hagu da dama tsakiya take tura shi, magana kuwa haka take zuwa. Ga ta nan dai: lasifikar da ta fi kowace shan aiki ita muke jefawa cikin ramin katako, ƙasa da gwiwa, wani lokaci har a bayan ƙofar gilashi.

Ku dubi goge. Tsirkiyarsa ita kaɗai, da za a ɗaure ta a sanda a goga, da ƙyar a ji ta daga ƙofar ɗaki, domin siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Amma da ta hau kan fatar da aka rufe bakin ƙwarya da ita, sai karkarwarta ta shiga fatar, fatar ta kaɗa iskar cikin ƙwarya, amo ya cika dandali. Mai haɗa goge da gangan yake neman haka. Kafintan da ya yi kabad ɗinku bai nema ba, amma ya tara duk abin da ake buƙata: faffaɗan allo marar kauri, kogo mai iska a ƙarƙashinsa, ku kuma kuka kawo abu mai karkarwa kuka ɗora. Duk sanda takardar lasifika ta tura gaba, akwatinta na ɗan turawa baya. Ido ba ya ganin wannan motsi, amma katako na karɓarsa, ya baza shi a faɗin da ya ninka takardar lasifikar sau da yawa.

Kowane allo yana da amon da ya fi amsawa. Ku ƙwanƙwasa saman kabad da gaɓar yatsa: wannan dum ɗin da ke ɗan ja kafin ya mutu, shi ne muryar allon. Ana auna amo da yawan karkarwa a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz. Tushen muryar babban namiji na tsakanin Hz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, kuma allunan kabad irin na falo sau da yawa a wannan unguwa suke amsawa. Abin da ke sa a gane magana kuwa yana can sama. Baƙaƙe irin su s da t da k da sh, waɗanda ke raba wannan kalma da waccan, ƙarfinsu daga wajen Hz 1,000 zuwa 4,000 yake, wasu har sama da haka. Shi ya sa tsohon layin tarho, wanda ke zubar da abin da ke ƙasa da Hz 300, ake gane magana a cikinsa sarai. Kunne kuma yana da wata ɗabi'a: amo mai kauri idan ya yi ƙarfi yakan danne siraran da ke samansa. Kabad ya kumbura ƙasan murya, ya ci gaba da gunji bayan kalma ta ƙare, sai gunjin ya hau kan harafin farko na kalmar da ke biye. Ƙara wa layin tsakiya ƙarfi a rimot ba ya warkar da wannan, domin kabad ɗin ma kun ƙara masa.

Kada ku fara gyara sai kun kama mai laifi. Ku nemi muryar namiji guda da kuka sani sosai, mai karanta labarai ko malamin da kuka saba jin karatunsa. Minti ɗaya ya isa. Ku saurara daga inda kuka saba zama. Sannan wani ya ciro lasifikar daga kabad, wayarta na jone, ya riƙe ta a hannu a gaban kabad ɗin, ku sake jin wannan mintin ba tare da kun taɓa rimot ba. Idan murya ta wartsake, shari'a ta ƙare. Saura sanin wane sashe na kabad ɗin ne, kuma nan wayar hannunku za ta yi amfani. Akwai manhajoji na kyauta masu fitar da amo guda tsantsa. Ku jona wayar da amfilifaya, ku mayar da lasifikar mazauninta, ku fara daga Hz 80 ku hau a hankali zuwa 400, murya madaidaiciya, kada ku ƙure. Tafin hannunku na kan katako. Za ku ji inda allo ya fara ziri a hannu, inda amo ya kumbura haka kawai, inda wani abu a can lungu ya fara kar-kar-kar. Ku danna allon da ƙarfi a wannan lokacin: idan amon ya ragu, allon ne, idan bai ragu ba, iskar cikin gurbin ce. Ku rubuta lambobin a takarda. Kuma ina roƙonku, abu ɗaya za ku riƙa canzawa a lokaci guda, ku saurara, kafin ku taɓa na biyu. Wanda ya canza abu huɗu tare ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata, ƙarshenta ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Idan allon ne, aikin farko shi ne raba shi da lasifika, a sa wani abu mai laushi tsakaninsu. A nan mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya. Lasifika a kan roba nauyi ce a kan abu mai lanƙwasa ya dawo, kuma wannan haɗi shi ma yana da nasa amon. Roba ba ta fara tare karkarwa sai a amon da ya haura nata da kusan rabi. A daidai nata kuwa ƙara girgizar take yi. Dabarar ita ce a tura nata amon can ƙasa, nesa da murya, kuma ma'auninsa mai sauƙi ne: yadda robar ta lotsa da aka ɗora mata nauyi. A lissafi, idan ta lotsa milimita ɗaya, amonta na wajen Hz 16, ƙasa da duk abin da lasifikar tsakiya ke fitarwa. Idan mai tauri ce, ta lotsa kashi ɗaya bisa ɗari na milimita kawai, amonta ya haura wajen Hz 160, tsakiyar muryar namiji ke nan, kun sayi cuta da kuɗinku. Saboda haka faffaɗar tabarmar roba da aka shimfiɗa a ƙarƙashin lasifika mai kilo uku ko huɗu ba ta cika yin aiki ba, domin nauyin ya bazu, ba inda ya lotsa. Ƙananan gutsattsari huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, sun fi ta nesa ba kusa ba. Ana sayar da ƙafafun da aka yi don wannan, irin na Sorbothane, kowanne da nauyin da aka rubuta masa; ku bi rubutun, domin wadda nauyi ya latse ƙat ita ma ta daina aiki. Idan babu, tafin tsohon silifas mai laushi, ko soso mai ɗan tauri irin na cikin kwalin kayan lantarki, a yanka ƙanana, yakan yi abin mamaki. Ku gwada girma biyu ko uku. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ƙafafun ƙarfe masu tsini kuwa, waɗanda ake gani a ƙarƙashin manyan lasifikoki, ku bar su inda kuka gan su. An yi su ne don su huda kafet su kama daɓe mai ƙarfi. A kan kabad, hanya suke buɗe wa karkarwa, su kuma bar muku tabo a katako.

Bayan an raba su, allon na iya ci gaba da amsawa, domin sautin da ke cikin iska ma yana dukansa. Sai a ba shi nauyi, ko a ba shi abin da zai sha karkarwar. Ragowar faifan dutsen da ake shimfiɗawa a kan teburin kicin, ko tayil mai kauri guda biyu da aka haɗa da siririyar roba a tsakani, a ɗora a kan kantar, lasifika da ƙafafunta su hau kai. Littattafai masu nauyi a kantar ƙasa su ma suna taimakawa. Hanya ta biyu ta fi wayo, kuma injiniyoyin BBC sun bi ta a ƙaramar lasifikarsu LS3/5A ta shekarun 1970: maimakon katako mai kauri ƙwarai, suka yi bangonta da filawud mai milimita 12, suka liƙa masa faifan kwalta daga ciki. Kwalta ba ta dawo da motsi, shanye shi take yi ta mayar da shi ɗan zafi. Tef ɗin nan mai kwalta da ake liƙe yoyon kwanon rufi da shi yana iya yin irin wannan aiki idan aka manna shi a ƙarƙashin kanta ko a bayan allon baya, inda ido ba ya kaiwa. Sai dai a nisanta shi da inda amfilifaya ke fitar da zafi, don yakan yi laushi ya yi wari. Idan allon dogo ne ba tokari, falanki ɗaya da aka ɗaure a ƙarƙashinsa da gam da sukuru yana rage rawarsa sosai.

Iskar cikin gurbi wata cuta ce dabam, kuma roba ba ta san ta ba. Ku hura bakin kwalbar da ba komai ciki, za ku ji ta yi amo guda. Gilashin bai motsa ba, iskar ciki ce ta amsa. Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863, har yau da sunansa ake kiran irin wannan amsawa. Gurbin kabad yana yin nasa ta hanyoyi da dama. Mai zurfin santimita 40, baya a rufe gaba a buɗe, a lissafi yana amsawa a wajen Hz 214. Idan faɗinsa santimita 60 ne, sauti na kai da komo tsakanin bangayensa biyu a wajen Hz 286. Lasifikar da ke zaune ciki takan ɗan gusar da lambobin, amma ba ta fitar da su daga unguwar murya. Idan kuma tana da ramin iska a bayanta, kamar yadda da yawa suke da shi, to kai tsaye take hura wa kogon. Mafi sauƙin magani shi ne ta fito ta hau saman kabad. Idan ba hali, a cire allon baya na wannan gurbin, ko a cike sararin da ke bayanta da gefunanta da soso ko tsofaffin tufafi da aka naɗe, cikewa ta gaske. Siririn soso da aka liƙa a bango ba ya komai ga amo mai kauri: tsawon igiyar sautin Hz 200 ya kai mita 1.7, ina yatsa ɗaya na soso zai kai? Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bangon ɗakin ɗaukar waƙa ma haka yake, wahala ce kawai da tara ƙura. Ramin iskar bayan lasifikar kuma ana iya toshe shi da soso ko naɗaɗɗiyar safa. Ƙasan muryarta zai ragu, wufa ta karɓi aikin. Abu ɗaya kada ku yi: kada ku cusa tsumma a gurbin da amfilifaya ko dikoda take. Waɗannan numfashi suke buƙata, musamman a zafin bazara.

Akwai kuma abin da ba karkarwa ba ne amma ana jinsa kamar ita. Lasifikar da aka tura can ciki, aka bar filin katako a gabanta, sautinta na isowa kunne sau biyu: ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya daki katakon ya tashi. Idan hanyar na biyun ta fi ta farko da santimita 10, su biyun na kashe juna a wajen Hz 1,700, sannan a wajen 5,100, daidai inda baƙaƙen nan suke. Gyaran wannan ko kwabo ba ya ci. Ku jawo ta gaba har fuskarta ta yi daidai da bakin kanta, ko ta ɗan leƙo da yatsa ɗaya. Sannan ku ɗaga mata kai. Ƙaramar lasifikar siririyar murya da ke tsakiyarta, wadda masu gyara ke kira tuwita, inda ta fuskanta nan ta fi kai saƙo, kuma idan tana kallon gwiwoyinku to gwiwoyinku ne ke more fim. A ce tana santimita 45 daga ƙasa, kunnenku a kan kushin yana 95, tsakaninku mita 3: kusan digiri 10 za ta karkata sama, wato a ɗaga gabanta da kimanin santimita 3 idan zurfin akwatinta santimita 20 ne. Ƙafafun gaba su fi na baya tsayi, shi ke nan. Teburin gilashin tsakiyar falo ma yana yin irin wannan ta'adi. Ku kwantar da madubi a kansa, ku zauna a mazauninku: idan kuna hango lasifikar a cikin madubin, sauti ma ta nan yake biyowa. A gusar da teburin lokacin kallo, ko a rufe shi da yadi mai kauri. Falo mai tayil, bangon siminti, ba labule, kafet ɗaya tsakanin talabijin da kujeru na canza shi fiye da yadda kuke zato.

Kar-kar ɗin nan da kuka ji a lungu shi ya fi sauƙin kamawa, amma shi ya fi buƙatar ladabi. Yawanci siririn allon baya ne da aka kama da ƙananan ƙusoshi, ko ƙofar gilashi da ke taɓa katako, ko durowa, ko waya da ke jingine da allo, ko kofuna da farantan tangaran da aka jera suna taɓa juna. Ɗan yadi a ƙarƙashin kowane faranti, ɗan tazara tsakanin kofuna, gutsuren roba inda ƙofa ke haɗuwa da katako, sukuru a madadin ƙusa. Ku kuma sani hunturu na busar da katako ya saki gaɓoɓinsa, damina ta kumbura shi, don haka kabad ɗin da ya yi shiru a watan Agusta yana iya fara surutu a Janairu; a sake ɗaure shi kawai. Ladabin da nake nufi kuwa ga angwaye nake faɗa. A gidajenmu da yawa kabad ɗin nan cikin kayan ɗakin amarya ya zo, iyayenta suka yi ɗawainiyarsa, jeren da ke ciki kuma ita ta tsara abinta. Kada ka ɗauko guduma ka ɓalle allon baya ba ka tambaya ba. Kira ta ka yi mata gwajin nan na ciro lasifika, ta ji bambancin da kunnenta, sannan ku yi shawarar inda kofunan za su koma. Ita ma kallon take yi, ita ma ta gaji da tambayar me ya ce.

Sai bayan duk wannan za ku shiga cikin saitin amfilifaya, idan taku tana da shi, domin ƙananan da ake sayarwa a kwali ɗaya da lasifikokinsu da yawa ba sa ba da wannan dama. Inda aka tambayi girman lasifikar tsakiya, ku zaɓi Small ko da a idonku babba ce. Ma'anarsa amfilifaya za ta yanke amo mai kauri ta aika wa wufa. Hz 80 ita ce iyakar da kamfanin THX ya yaɗa, amma ga ƙaramar lasifika a kan kabad mai amsawa, 100 ko 120 sun fi. Ribar babba ce, domin duk lokacin da amo ya sauka da rabi, sai takardar lasifika ta ninka tafiyarta huɗu kafin ta ba da ƙarfi iri ɗaya, kuma wannan doguwar tafiya ce ke girgiza katako. Manyan amfilifayoyi suna zuwa da makirufo da tsarin auna ɗaki: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. Suna da amfani, suna iya rage tudun da kogo ya kumbura. Ba sa iya hana kofi kaɗawa, ba sa iya cike ramin da sauti biyu suka kashe juna a ciki. Ni ra'ayina, wanda ya fara da su kafin ya taɓa kabad ya sa na'ura ta ɓoye masa cutar da ya kamata ya gani. Ku gama aikin hannu, sannan ku auna, kuma duk ranar da kuka gusar da lasifika ku sake aunawa.

Wanda bai riga ya ba da aikin kabad ba ya fi kowa sa'a. Ka je wa kafinta da awon lasifikarka a rubuce. Ka ce masa allon sama da kantoci su kai milimita 18, a haɗa da gam da sukuru, a sa tokari a tsakiyar duk allon da ya yi tsawo, a bar bayan gurbin kayan sauti a buɗe. Katakon MDF ya fi siririn filawud nauyi da shiru, sai dai ba ya shiri da ruwa, a yi masa ƙafafu saboda wankin daɓe. Idan dole sai an rufe gaban lasifika don ado, ƙofar ta zama ta raga ko siririn yadin da kake iya hura iska ta cikinsa. Mafi kyau duka, a rataye talabijin a bango, a ɗan ɗaga shi, lasifika ta zauna a ƙarƙashinsa kan ƙarfen da aka kafa a bangon bulo, kabad ya koma ajiyar kaya. Bangon siminti ba ya rawa. Mai zaman haya ya nemi yardar mai gida kafin ya huda, kuma ko ina kuka ɗora ta, ku tabbata yaro mai rarrafe ba zai iya jawo wayarta ta faɗo masa ba, musamman yanzu da kuka jawo ta bakin kanta.

Wani amfanin da ba a cika lissafawa da shi ba: idan magana ta fita sarai, da kanku za ku rage murya. Maƙwabcin da bango ɗaya ya raba ku yana da haƙƙi, kuma amo mai kauri shi ya fi ratsa bango. Kunnenku ma yana da nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin babba a ƙarfin sauti desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba wannan lokaci biyu.

Ba kowane laifi ne na kabad ba, kada ku zalunce shi. Wasu finafinan haka aka haɗa su. Interstellar na 2014 da Tenet na 2020, dukansu na Christopher Nolan, masu kallo sun koka da maganarsu ko a manyan gidajen sinima. Ga irin waɗannan, tsarin sauraron dare da ke cikin amfilifaya, mai rage tazara tsakanin raɗa da fashewa, shi ne abin nema, a nan kuma ƙarin desibel biyu ko uku ga layin tsakiya yana da hujja. Wasu kuma tun wajen ɗauka aka ɓata su, makirufo nesa da baki, ɗaki na amsa kuwwa, ba abin da za ku yi a falo ya dawo da abin da ba a ɗauka ba. Idan kuwa a gwajin farko kun ciro lasifikar aka riƙe a hannu, amon ya biyo ta, to ita ce. Ku cire ragar gabanta ku sake ji, don ita ma takan kaɗa. Ku ɗaure sukurorin da ke riƙe da takardun, a hankali, kada ku fasa katakon. Ku duba zoben da ke kewaye da takarda, ko ya tsage ko ya ruɓe, abin da zafi da daɗewa ke yi wa na soso. Ku kara kunne kusa da tuwita da ƙaramar murya: idan ba siririn sauti ko kaɗan, ta ƙone, kuma mai gyaran rediyo na iya canza ta ita kaɗai da kuɗin da bai kai na sabuwar lasifika ba. Ku tafi masa da akwatin gaba ɗaya, don ya auna wadda ta dace da ita.